Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Abincin Ɗalibi Idan Babu Nama

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi cikin ƴaƴanmu da ke karatu nesa da gida.

Kowace shekara, idan damina ta ja baya, yaran ƙasar Junju, wadda ake rubutawa Dioundiou a takardun hukuma, sukan ɗaure kaya. Daga Junju, da Karakara, da Zabori, waɗanda suka ci jarrabawar bak sukan wuce jami'a. Wasu sukan tafi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971. Wasu sukan tsaya Jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014. Wasu kuma sukan ƙetara Nijeriya, su shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

Mu iyaye mukan haɗa musu guzuri: garin rogo, da sukari, da ɗan kuɗin mota. A jami'ar Yamai akwai gidan cin abincin ɗalibai, wanda suke kira resto. Amma ba kowane ɗalibi ke kwana cikin jami'a ba. Wasu suna haya a unguwa, su ne ke ciyar da kansu. Idan wata ya yi nisa, aljihu ya bushe, sai a koma ga jiƙa gari safe da yamma. Yaro ya dawo hutu a rame, sai mu ce: "Ai rashin nama ne." Nama kuwa yana da tsada, ba mu da halin saya masa kullum. Shin haka za mu zuba ido? Amsar tana cikin gonakinmu. Amma kafin mu zo gare ta, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa, domin tafiya mabuɗin ilimi ce.

Yadda ɗaliban Indiya ke ci

Da yawa daga cikinmu a fim muka san Indiya. Ƙasa ce mai mutane fiye da miliyan 1,400. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna cewa mutum 39 cikin 100 na manyan Indiya sun ce ba su cin nama. Mafi yawansu addininsu da al'adarsu ne suka sa haka. Mu kam nama halal ne a gare mu, kuma ba muna kira a bar shi ba ne. Abin da muke so mu gani shi ne: yaya mutanen da ba su cin nama ke gina jikinsu?

A jami'o'in Indiya, gidajen kwanan ɗalibai suna da ɗakin cin abinci. A da yawa daga cikinsu ba a dafa nama kullum. Wasu sukan ba da ƙwai ko kaza a wasu ranaku na mako, wasu kuma ba su dafa nama ko kaɗan. Ɗalibi yakan ɗauki wani faffaɗan faranti na ƙarfe mai gurabu, wanda suke kira tali. A kowane gurbi akan zuba abu dabam:

1. Shinkafa, ko wata gurasa marar kauri da suke kira capati.
2. Miyar wake, wadda suke kira dal. Ita ce uwar abincin, da wuya a wuni ba a sha ta ba.
3. Dafaffen ganye ko kayan lambu, kamar kuɓewa, da gauta, da kabewa, da alayyafo.
4. Kindirmo.
5. Ɗanyar albasa da yankan lemun tsami.

Ko a ƙananan makarantu haka tsarin yake. Tun 1995 gwamnatin Indiya ta fara shirin ciyar da ƴan makaranta da rana a duk ƙasar. Ƙa'idar da aka tsayar wa ɗan firamare a kowace rana ita ce: hatsi giram 100, wake giram 20, kayan lambu giram 50, mai giram 5. Mu lura: ba a ba da hatsi shi kaɗai, sai an haɗa shi da wake da ganye.

Abincinsu ɗan uwan namu ne

Kada mu ɗauka abincin nan baƙo ne. Geron da muke nomawa, Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi. A jihar Rajastan da garin gero suke yin gurasa. A jihar Maharashtara kuma da garin dawa. Waken da muke ci suna cin irinsa, suna kiransa lobiya. A kudancin ƙasar sukan dafa wake da tsamiya, su yanka ɗanyun ƴaƴan zogale a ciki. Yakuwa ma suna miya da ita. Suna da wani abinci da ake kira kicidi, wato shinkafa da wake a tukunya guda, kamar yadda muke dafa namu. Shi kansa zogalen da muke kwaɗo da dambu da shi, asalinsa daga Indiya ya fito.

Zumuncin ya kai har ga binciken noma. Cibiyar ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da birnin Haidarabad na Indiya, tana da babban reshe a Sadore, kimanin kilomita 40 kudu da Yamai. A can ake binciken gero, da dawa, da gyaɗa. A 2018 aka fitar da wani irin gero a Nijar mai suna Chakti, wanda ke nuna da wuri, kuma ya fi geron da muka saba yawan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2016 don girmama dangin wake. Shekarar 2023 kuma aka ware ta don dangin gero, bisa shawarar Indiya.

Ashe abin da ɗalibin Indiya ke ci, kusan duka yana fita a Dallol Mawri. Bambancin shi ne su sukan haɗa su a faranti ɗaya kullum.

Aikin abinci iri uku ne

Masana lafiya sun kasa abinci gida uku, bisa aikin da yake yi a jiki.

Na ɗaya, masu ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, rake, da mai.

Na biyu, masu gina jiki: nama, kifi, ƙwai, nono, wake, gyaɗa wadda muke kira gujiya, ƙwaruru, waken suya, da daddawa. Abin da ke cikinsu mai gina tsoka da jini ana kiransa furotin.

Na uku, masu kare jiki daga cuta: zogale, kuka, yakuwa, rama, tumatir, kabewa, mangwaro, gwaba, da lemu. A cikinsu ake samun bitamin.

Jiki kamar ginin ɗaki yake. Ana bukatar tubali, da magini mai ƙarfi, da rufin da zai tare ruwa. Masu gina jiki su ne tubalin, masu ba da ƙarfi su ne magini, masu kare jiki su ne rufin. Wanda ya ci gari da sukari kaɗai ya kawo magini, amma bai kawo tubali ba.

Mu yi lissafi

Ga kimanin furotin da ke cikin giram 100 na kowane abinci kafin a dafa shi:

Gyaɗa: giram 25.
Busasshen wake: giram 23.
Jan nama: giram 20.
Gero: giram 11.
Shinkafa: giram 7.
Garin rogo: giram 1.

Saurayi mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin kimanin giram 50 a rana. In ya jiƙa garin rogo giram 400 ya ci, cikinsa zai cika, amma furotin giram 4 kawai ya samu. In kuwa ya ci gero giram 300 da wake giram 100, zai samu giram 33 daga gero, da giram 23 daga wake. Jimla giram 56 ke nan. Bukatarsa ta biya ba tare da ya je wurin mahauci ba.

Akwai wani dalili kuma na haɗa su. Furotin ɗin hatsi bai cika ba, akwai ɓangaren da ya yi masa ƙaranci. Na wake ma bai cika ba, amma abin da hatsi ya rasa yana da yawa a wake, abin da wake ya rasa kuma yana cikin hatsi. Idan suka haɗu sai su cike wa juna, su kusanci nama wajen amfani. Ba dole ne a ci su a loma ɗaya ba, muddin dai an ci su a yini guda. Ma'auni mai sauƙi shi ne: ludayi 3 ko 4 na hatsi, ludayi 1 na wake.

Kakanninmu ba su yi wannan lissafi a takarda ba, amma sun san shi. Koko da ƙosai, shinkafa da wake, tuwo da miyar wake, ɗanwake, kunun gyaɗa, fura da nono, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, duk haɗi ne mai kyau. Mu ne muka fara raina su, muna kiransu abincin talaka.

Yadda ake dafa miyar wake irin ta Indiya

Ɗalibai 4 da ke ɗaki ɗaya za su iya haɗa kai su dafa wannan. Kayan da ake bukata: wake kofin shayi 2, albasa 1, tumatir 3, tafarnuwa, citta, barkono, ɗan kurkum in akwai, man gyaɗa cokali 3, ganyen zogale hannu 2, gishiri mai aidin, da lemun tsami 1.

1. A tsince wake, a wanke, a jiƙa shi tun da dare.
2. Da safe a zubar da ruwan jiƙon. A murza waken a cire ɓawo, kamar za a yi ƙosai.
3. A zuba sabon ruwa, a sa kurkum da citta, a dafa har ya yi lugub. A dama shi da muciya ko ludayi ya zama kamar kunu mai kauri.
4. A wani kasko a soya albasa da tafarnuwa da barkono cikin mai, har su yi ƙamshi. A ƙara tumatir.
5. A juye suyar a cikin tukunyar wake, a sa gishiri.
6. A zuba ganyen zogale a ƙarshe, a bar shi kamar minti 5, sai a sauke.
7. A matsa lemun tsami lokacin da za a ci. Ana ci da shinkafa, ko tuwo, ko dambu, ko burodi.

Jiƙa wake yana da amfani biyu. Yana sa ya nuna da wuri, a rage gawayi ko gas. Yana kuma rage kumburin ciki da wake ke sa wasu mutane. Wanda ya jiƙa wake ba ya bukatar kanwa mai yawa. Kanwa tana sa wake laushi, amma tana kashe wasu daga cikin bitamin da ke cikinsa. In za a sa, a sa ƴar kaɗan.

Abubuwan da za a kiyaye

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta. Abinci marar nama yana da giɓi guda biyu, kuma mutanen Indiya ma suna fama da su.

Giɓi na farko shi ne bitamin B12. Jini da jijiyoyi suna bukatarsa. Ba a samunsa a hatsi, ko wake, ko ganye. Sai a nono, da ƙwai, da kifi, da nama. Wanda ya daɗe ba ya samunsa yakan yi fama da kasala, da mantuwa, da jin ƙafa ko hannu suna mutuwa. Wannan ne amfanin kindirmon da muka gani a farantin ɗalibin Indiya. Saboda haka ɗalibinmu ya riƙa shan fura da nono, ya ci ƙwai, ya sa busasshen kifi a miya. Kifin kogi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Gaya. Nama in ya samu, a ci a gode wa Allah. Ɗanyar madara kuma a tafasa ta kafin a sha.

Giɓi na biyu shi ne sinadarin ƙarfe. Akwai shi a wake, da gero, da ganye, amma jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Abu mai bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotse shi: lemun tsami, ɗanyen tumatir, gwaba, mangwaro, da garin ƴaƴan kuka. Shayi kuma yana hana tsotsar. Mun san samarinmu da zaman fada da dafa shayi. Shawararmu ita ce a jinkirta shayi kamar awa 1 ko 2 bayan cin abinci.

Ƴan mata sun fi samari bukatar sinadarin ƙarfe, saboda jinin al'ada. Wadda take jin jiri, ko saurin gajiya, ko aka ga cikin idonta da tafin hannunta sun yi fari, ta je gidan likita a auna jininta. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da ƙananan yara, su ma bukatarsu tana da yawa. Kada a hana su ƙwai, da kifi, da hanta, da nono. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta sha maganin ƙarin jini da ake ba ta.

Aikin da ya rage wa manomi

Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Nijeriya. Ƙasar Gaya da Junju kuma tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Ga fadamun Dallol Mawri da ruwansu ke kusa, inda ake noman rake, da rogo, da dankali, da kayan lambu. Allah ya ba mu. Amma me muke yi da kaka? Da an sussuke wake, sai mu kai kasuwa lokacin da yake da araha. Fatake su loda shi su tafi. Da bazara mu dawo muna sayensa da tsada, ko mu haƙura da shi. Mun sayar da tubalin ginin jikin ƴaƴanmu, mun bar musu gaya.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu shuka wake tare da gero ko dawa. Saiwar wake tana ƙara wa ƙasa taki, harawa kuma abincin dabbobi ce.
2. Kafin mu sayar, mu ware rabon gida da rabon ɗalibi.
3. Mu shanya wake ya bushe sarai, sannan mu adana shi inda iska ba ta shiga. Akwai buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. An fara yaɗa shi a 2007, kuma cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana cikin aikin. Idan an ɗaure kowane riɓi da kyau, ƙwaron wake yakan rasa iska ya mutu, ba sai an sa magani ba. Jarka mai tsabta da murfinta ke rufuwa gam ita ma tana aiki, in an cika ta har baki. Kada a yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi.
4. Kada mu barbaɗa maganin feshin gona a waken da za a ci. Guba ce.
5. Mu tsince gyaɗa, mu zubar da wadda ta yi fumfuna ko ta canja launi. Tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Kada a ba yara, kada a yi ƙuli-ƙuli da ita.
6. Mu dasa zogale a bayan gida, da bakin rijiya, da gefen lambu. Ganyen da za a ajiye a wanke shi, a shanya a inuwa, domin rana tana rage amfaninsa.
7. Wanda ke son gwada geron Chakti ya tambayi malamin gona, ya ji ko ya dace da gonarsa.

Guzurin wata ɗaya

Idan ɗalibi zai koma makaranta, ga abin da za mu haɗa masa bayan hatsi ko gari: wake kilo 3, wato tiya ɗaya da ɗan ƙari. Wannan zai ba shi giram 100 kowace rana har kwana 30. Sai ƙuli-ƙuli ko tunkuza, da man gyaɗa, da busasshen zogale, da kuka, da daddawa, da busasshen kifi, da tsamiya. Duk abubuwan nan ba su saurin lalacewa. Mafi yawansu kuma daga gona da hannun uwa suke fitowa, ba sai an ciro kuɗi ba.

Garin rogo ma ba a ce a jefar da shi ba. In za a jiƙa, a daka ƙuli-ƙuli a zuba, a yanka albasa da tumatir, ko a ci shi da dafaffen wake. Da haka gari zai samu abokin tafiya.

Ku kuma samari, kada ku ce dafuwa aikin mata ne. Wanda ya bar gidansu don neman ilimi, ya koyi hura wuta. Ɗalibai 4 da suka haɗa guzurinsu a tukunya guda sun fi wanda ke jiƙa gari shi kaɗai a ɗaki cin abinci mai kyau.

Abin da muka koya

Hatsi, da wake ko gyaɗa, da ganye, da ɗan nono ko ƙwai ko kifi: wannan shi ne cikakken abinci. Da irinsa ɗalibai masu yawa a Indiya ke karatu har su zama likitoci da injiniyoyi. Yaron da muka tura jami'a jarinmu ne, kuma kai ba ya ɗaukar karatu idan jiki ya gaza. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Kawo abinci 3 masu gina jiki da ake nomawa a garinku.
2. Me ya sa ake haɗa hatsi da wake?
3. Wane bitamin ne babu shi a wake da ganye? A ina ake samunsa?
4. Me ya sa ba a son shan shayi nan take bayan cin abinci?
5. Lissafi: ɗalibi yana cin wake giram 100 a rana. Kilo nawa zai ci a kwana 90?
6. A bana, tiya nawa ta wake gidanku ya sayar, tiya nawa ya ajiye?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.